Kanwar da Ke Jikin Fir'auna

Bismillahi. Allah ne ya kai ni, shi ya maido ni, ba dabarata ba.

Ba zan ɓata tawada kan yadda muka bar garinmu Falanko ba. Mata sun yi kuka, an ɗaura mana gumba, mun tafi. Mu biyu ne, ni Illa maginin rijiya, da Abarshi ɗan kawuna, wanda ke riƙe mini igiya tun gemuna bai fito ba. Niyyar Makka tasa ce, da ita yake kwana da ita yake tashi shekara da shekaru. Ni ban yi wata niyya ba. Na bi shi ne don in ya tafi sana'ata ta mutu. Wanda bai san ƙasarmu Damargu ba zai ce wauta ce, amma rijiyarmu ba irin ta kudu ba ce da ake miƙa hannu a ɗebo. In ka sauka ka ɗaga kai, bakin rijiya kamar faifai kake ganinsa, in ka ƙara nisa ya koma kamar ludayi. Mutum ɗaya ne tsakaninka da lahira, shi ne wanda igiyarka ke hannunsa. Saboda haka kowane magini da mai igiyarsa, ba a aro, ba a musaya. In ka sake mai igiya yana raye, to ka kira shi maci amana ke nan, ko ka kira shi gawa.

Abarshi taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka tun da muke bai taɓa kirana da sunana ba. Bawa yake ce mini. Ni kuma in ce masa Maigida, in na ga dama.

Yaƙi ya toshe hanyar gabas a shekarun nan, sai muka bi ayarin fatu zuwa Agadas, daga can muka yi arewa. Masu cewa tafiya mabuɗin ilimi, ni dai abin da ta fara buɗe mini tafin ƙafa ne. Muna jan raƙuman wasu, muna ɗaura kayan wasu, a ba mu abin da ya rage a tukunya. A wani gari Gat muka yi kusan shekara muna yashe wa mutane rijiyoyi. Can ne aka fara yi mini dariya, don duk ƙasar da na haƙo sai na kai ta baki. Haka ubana ya koya mini. Harshe yana jin ruwa kafin ido ya gan shi, yana jin gishiri, yana jin ko an taɓa tona wurin an mayar. Ba na ma sanin na yi, hannu ne ke tafiya da kansa. Abarshi ya riƙa gaya wa mutanen Gat, "Ku bar shi, bawana ne, da ƙasa nake ciyar da shi, ya fi arha."

A Tarabulus wani dillali mai farin rawani da bakin zuma ya karɓi duk abin da muka tara ya sa mu a jirgin ruwa, ya rantse da kan 'ya'yansa ba zai tsaya ba sai Jidda. Kwana da kwanaki muna amai, jirgi ya tsaya, aka koro mu. Abarshi ya sauka ya yi sujada yana kuka, ya ce ƙasar Manzo ce. Wani ɗan dako ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce masa nan Iskandariya ce, ƙasar Masar. Abarshi ya miƙe ya karkaɗe goshi. Wata tsohuwa mai sayar da gurasa a bakin hanya ta gan mu zaune, ta miƙo mana biyu. Na nuna mata hannu ba komai. Ta tura mini su a cinya ta juya kan cinikinta. Ban san sunanta ba, amma har yau ina sa ta a addu'a.

Aka ce mana talaka in yana son Jidda, sai ya bi kogi ya yi kudu zuwa wani gari Kina, daga can ayari ke ratsa duwatsu zuwa Kusair a bakin teku. Muka bi jiragen hatsi, in iska ta mutu a sauke mu mu ja da igiya daga gaɓa kamar shanu. Nan muka koyi Larabcin tsiya, na zagi da na neman abinci. Takari suke kiranmu, duk baƙin da ya fito daga yamma haka suke ce masa. Ƙasa ce mai ruwa, ga kore ko'ina, amma ni kewar gero ta dame ni. Wake da albasa, wake da albasa. Wata rana na ga wata mata tana daka a bakin kogi, ba ma gero ba ne, amma na tsaya jin taɓarya har aka yi mini tsawa.

Da muka isa Kina ayarin mahajjata sai bayan wata uku, kuma mai raƙumi ba ya ɗaukar mutum don Allah. Aka ce a hayin kogi, kudu kaɗan, Nasara suna ɗaukar masu haƙa.

Wurin wani kwari ne bayan duwatsu, ba ciyawa, ba tsuntsu, dutse fari yana maido rana a fuska. A nan tsofaffin sarakunan Masar suka fafe dutse suka ɓoye gawarwakinsu, tun kafin Annabi Isa, tun kafin wasu annabawan da ban san jerinsu ba. Shugaban ma'aikata, wanda suke kira Rayis, ya dube mu sama da ƙasa ya ce yana da masu kwando fiye da buƙata. Abarshi ya ce, "Wannan ba mai kwando ba ne. Rami yake shiga, ko na maciji ne." Mutanen wurin jarumai ne da fartanya, amma ba su son rami mai zurfi, sun ce aljannun sarakuna a ƙasa suke. Aka gwada ni a wani rami tsaye. Na sauka, na fito. Rayis ya ɗauke mu, ya ce abinci kullum, lada kuwa sai ranar da aka tashi aiki. Mun san wannan magana, mun sha jinta, amma ba mu da zaɓi.

Nasara biyu ne a kanmu. Ɗaya dogo mai wuya, ɗaya gajere mai tumbi, Abarshi ya raɗa musu Zalɓe da Tulu. Ban taɓa ganin mutanen da ke cin abinci a faranti ɗaya suna gardama kamarsu ba. Daga safe har yamma, kan mutanen da suka mutu tun duniya na ɗanya. Wane ne ya haifi wane, wa ya riga wa hawa gado, wa ya kankare sunan wa daga bango. Rayis yana jin yarensu, in an zauna hutun rana sai ya fassara mana, mutane su yi ta dariya. Ni ban yi mamaki sosai ba. A Damagaram ma in maroƙa biyu suka jero sarakuna, kafin su kai na biyar sun kama rigar juna.

Ƙurar ramukan nan ba irin tamu ba ce. Laushi gare ta kamar garin tuwo, ga warin jemage. Ita ta shiga ƙirjin Abarshi. Ya fara tari, sannan ya fara ramewa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ji a igiya kafin in gani a jikinsa. Mai igiya in yana da lafiya saukarka sumul take, in ba shi da lafiya sai ka ji tana rawa.

Akwai wani ƙato cikin ma'aikata, Hasanaini, mai 'ya'ya bakwai da haƙori ɗaya a gaba. Shi ma ya lura. Sai wata rana ya zo ya tsaya bayan Abarshi ya kama wutsiyar igiya, wai yana naɗe ta kada ta harɗe. Daga ranar nauyina a hannunsa yake. Abarshi na gaba yana ba da umarni, Hasanaini na baya yana ja. Ni na sani, Abarshi ya sani, ba wanda ya buɗe baki. Ta haka al'ada ba ta karye ba, ƙirjinsa kuma ya samu sauƙi. In aka zauna ci, Hasanaini ya kan tura masa ɓangaren da ya fi mai.

Saura kwana goma sha biyu ayari ya tashi aka buɗe wani babban kabari. Hanya ce ta gangara cikin dutse, sai ga rijiya ta tare ta daga bango zuwa bango, baƙi ƙirin, ba a ganin ƙasanta. Aka gitta katako aka haye. Can ciki ɗaki mai ginshiƙai, rufinsa shuɗi da taurari, zane kamar jiya aka yi. A gefe wani ɗan ɗaki da aka toshe da duwatsu. Da aka cire su aka haska fitila, sai ga akwatuna a jere kamar damman gero a rumbu, kowanne da mutum a ciki naɗe da tsumma. Rayis ya ce duk sarakuna ne, wasu bayinsu na baya suka kwaso su daga kaburburansu suka tara nan don tsoron ɓarayi.

Gardama ta tashi da ba a taɓa yin irinta ba. Wai an yi gaggawa wurin kwasar, an sa wannan a akwatin wancan, murfi na wani, rubutun likkafani kuma na wani. Mutum ɗaya suna uku. Musamman wani dattijo mai sanƙo da ke tsakiya. Zalɓe ya karanta zanen da ke ƙirjinsa ya ce ɗan babban sarkin gine-gine ne, a zamaninsa Banu Isra'ila suka fita, wato shi ne Fir'aunan Annabi Musa. Tulu ya karanta wannan zanen dai ya ce a'a, wani ne da ya riga shi da nisa, wanda ya bar gumakan iyayensa ya gina sabon birni. Zalɓe ya ce tsuntsun da ke rubutun kaza ne, Tulu ya ce ba tsuntsu ba ne ma. Har hular ɗaya ta faɗi.

Labari ya kai ƙauyen ma'aikata kafin azahar. Abarshi kuwa kamar an ba shi sabon ƙirji.

"Bawa, ka ji? Fir'auna. Za mu koma Falanko mu ce mun je Makka, mun kuma ga Fir'auna da idonmu a hanya. Limamin garin Gangara ma sai ya zo gaishe ni."

"Ka fara isa Makkan tukuna," in ji ni.

"Kai dai baƙin ciki ne da kai. An haife ka a rami."

Washegari aka ce a fito da dattijon bakin ƙofa don Nasara su duba shi da hasken rana. Ni da wasu uku muka ɗauko akwatin, ni ke wajen kai. Limamin ƙauye ya zo da mutanensa. Ɓarayin zamanin da sun yage tsumman wajen wuya, fata ta fito baƙa kamar tsohuwar salka, kuma a kanta akwai wani farin abu ya bushe ya yi ɓawo. Liman ya sunkuya ya duba, ya ɗaga hannu ya ce gishirin teku ne. Ga wanda Allah ya nutsar, ya kuma fid da jikinsa don ya zama aya ga na baya. Mutane suka yi kabbara. Zalɓe ya ji fassara, ya yi murmushi yana kallon Tulu.

Ni ina durƙushe ina riƙe da kan akwati. Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba. Na ga farin abu a kan baƙi, hannu ya tafi, ya gogo, ya kai baki.

Ba gishiri ba ne. Na sha ruwan teku a Tarabulus, na san gishirin Bilma, na san mangul. Wannan ɗaci-ɗaci gare shi da santsi a harshe, irin wanda duk ɗan Damargu ya sani tun yana goye.

Na ce da Larabcina, da ƙarfi kuma, don ina jin taimako nake yi, "Kanwa ce. Ba ma mai kyau ba, irin wadda muke ba raƙuma. Shafa masa aka yi don kada ya ruɓe."

Rayis ya fassara. Tulu ya yi tsalle ya buga mini kafaɗa, ya ciro takarda yana rubutu. Zalɓe ya ce wannan bai nuna komai ba, ana iya nutsar da mutum a teku a tsamo shi a shafa masa kanwa, suka koma gardamarsu. Amma ba su nake kallo ba. Mutanen da muka ɗauko akwati tare sun ja da baya. Liman ya tofar da yawu ya goge baki da hannun riga. Wani a baya ya ce, "Takari ya ci gawa."

Da rana aka zauna ci, aka zuba mini nawa a kan dutse can gefe. Na sha ruwa a randa, mai randa ya ɗauki moɗar ya fasa a gabana. Hasanaini bai zage ni ba, bai ma dube ni ba. Ya ce wa Abarshi a hankali, matarsa ta ce in ya sake taɓa igiyar da ta taɓa jikina kada ya shigo ɗakin da 'ya'yanta suke. Ya ce a yafe masa.

Abarshi ya ɗauko nasa abincin ya zo ya zauna kusa da ni a rana. Ya daɗe yana tari.

"Shekara talatin ina gaya wa mutane da ƙasa nake ciyar da kai," ya ce. "Ashe har da mutane."

"Hannu ne ya tafi."

"Ka ƙwace mini Fir'aunana, ka kore mana mai ja, duk da yatsa ɗaya. Wa ya tambaye ka? Liman ya ce gishiri, ka bar shi gishiri mana. Kanwarka za ta kai mu Kusair?"

Na ci wakena.

Kwana biyu bayan haka Rayis ya kira ni. Yanzu kuma kan rijiyar nan ta cikin kabari suke faɗa. Zalɓe ya ce tarkon ɓarayi ce. Tulu ya ce don ruwan sama aka yi ta, in kwari ya yi ambaliya ta shanye kada ya kai ga sarki. Suna so a sauka a gani. Na ce mai igiyata ba shi da lafiya, a ba ni kwana uku. Rayis ya ce gobe da safe, in ba haka ba mu kama hanya, kuma wanda ya tafi kafin a tashi aiki ya san sharaɗi. Na ce to ya sa mutum biyu su kama bayan Abarshi. Ya buɗe hannuwa ya ce shi shugaban aiki ne, ba shugaban matan mutane ba.

Na samu Abarshi a inuwar dutse na ce mu haƙura. Mu tafi Kina, mu yi bara, mu jira baɗi.

Ya dube ni. Idonsa ya faɗa ciki sosai. "Ka ga baɗi a fuskata?"

"To ka mutu a bakin rami ya fi?"

"Kai ba ka da nauyi, Bawa, ba ka cin komai sai ƙasa. Na ja ka can gida a rijiyar Tanut da ta fi wannan sau biyu."

"Da wane ƙirjin?"

"Da wannan dai. Ba ni da wani."

Da safe muka shiga. Nasara biyu da Rayis suna tsaye da fitilu, ma'aikata can baya a hanyar gangara, ba mai matsowa. Muka gitta itace a bakin rijiya muka ɗora igiya a kai. Na ga Abarshi ya naɗa wutsiyarta a ƙugunsa ya ƙulle, abin da mai igiya ba ya yi, don in magini ya faɗi tare za su tafi. Na ce ya kwance. Ya ce in rufe masa baki in sauka. Ya zauna ya tokare ƙafafu da dutse.

Na sauka da fitila ɗaure a wuya. Igiya na rawa, tana tsayawa, tana saki da yawa. Ina jin tarinsa yana biyo ni. Aikin sassaƙar kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, bango sumul, kusurwa daidai, wanda ya yi rijiyar gwani ne, ko wane ne shi. Ba ta kai rijiyoyinmu zurfi ba, amma ta isa kashe mutum sau uku. Ƙafata ta taɓa ƙasa.

Laka ce busasshiya, ta tsattsage kamar tsakiyar tabki da rani. Na tona da dagi, sai ga ta hawa-hawa, ruwa ya shigo ya bushe, ya sake shigowa ya bushe. Tulu ya yi gaskiya. Na juya, a kusurwa ga ƙasusuwan mutum, ƙafa a karye, kusa da shi guntun igiyar kaba da ta ruɓe. Zalɓe ma ya yi gaskiya. Na daɗe ina kallon guntun igiyar nan. Wani ya riƙe masa ita a sama, ya saki ko ta tsinke.

Na cika jaka da laka, na ɗauki ƙashi ɗaya, na ja igiya sau uku, alamar a ɗaga ni.

Shiru.

Na sake ja. Igiya a miƙe take, da nauyi a can sama, amma ba ta motsi. Na kira, "Maigida." Ba amsa sai hayaniyar Nasara. Na kira shi da sunansa, abin da na manta rabon da in yi. Fitila ta fara ja, iskar wurin ba ta da kyau. Na zauna kusa da mai karyayyar ƙafa. Ban yi tunanin mutuwata ba, gaskiya. Tunanin da na yi, in na hau igiyar nan da hannu, nauyina zai jawo shi ya faɗo kaina.

Ban san tsawon zaman ba. Sai na ji an fizge ni sama da ƙarfi har kaina ya bugi bango. Ja ne na mutanen da ba su iya ba, fizga, tsayawa, fizga. Da na kai baki na ga hannuwa sun fi goma a kan igiya. Hasanaini ne a gaba, bayansa mai randar da ya fasa moɗa, bayansa wasu. Abarshi na kwance a gefe, jini a gemunsa da gaban rigarsa, igiyar har yanzu a ƙugunsa. Sun kasa kwance ƙullin, irin namu ne, sai suka ja daga gabansa. Rayis ya ce tari ne ya turnuƙe shi ya suma, amma ƙafafunsa ba su bar dutsen ba.

Na miƙa wa Tulu laka, na miƙa wa Zalɓe ƙashi. Kowa ya ɗaga nasa yana nuna wa ɗan'uwansa. Na bar su a haka.

Hasanaini ya ɗauki Abarshi a kafaɗa ya fitar da shi iska. Ya wanke hannunsa da ƙasa sau bakwai, yana kallona yana yi, sannan ya ce in ban gaya wa matarsa ba shi ma ba zai gaya mata ba. Abarshi ya buɗe ido wajen azahar. Abin da ya fara cewa, "Ka ɗanɗana na ƙasan ma?"

Aka tashi aiki. Rayis ya ba mu abin da ya ga dama, ya ishi hayar raƙumi ɗaya. Sarakunan kuma na ji an ce za a sa su a jirgi a kai babban birni, a can za a ci gaba da faɗa a kansu. Har na bar ƙasar ba a daidaita kan sunan dattijon nan ba.

Daga Kina na ɗora Abarshi a raƙumi, ni a ƙasa. Hanya ce tsakanin baƙaƙen duwatsu, zango zuwa zango. Kwana uku yana magana, yana tsara yadda zai shiga Falanko, wa zai gaisar wa zai share. Rana ta huɗu ya daina. Muka sauka a wata rijiya mai ruwan ɗaci, aka ce saura kwana biyu a ga teku. Na jingina shi da kaya na jiƙa masa leɓe. Ya ce in juya shi gabas. Na juya shi. Ya ce, "Da nisa?" Na ce bayan dutsen can ne. Ƙarya na yi masa, ya kuma sani. Kafin la'asar ya cika.

Madugu ya ba ni zuwa faɗuwar rana. Ƙasar tsakuwa ce da dutse, amma haƙa ce aikina. Wasu mahajjata mutanen ƙasar Magrib suka taya ni wanka da salla, ɗaya ya ba da rawaninsa aka yi likkafani. Na jera duwatsu a kai saboda kuraye. Ayari ya tashi, na bi, don ban san abin da zan yi ba in ban bi ba.

A cikin jirgin Jidda, da aka kusa inda ake ɗaura harami, na tambayi wani malami ko mutum zai iya yi wa mamaci. Ya ce ka yi naka? Na ce a'a. Ya ce to naka za ka fara, in Allah ya sake kawo ka ka yi masa. Na ce malam, dube ni da kyau, ka ga mai dawowa? Ya ce shi dai abin da ke littafi ya faɗa, hajji ɗaya na mutum ɗaya ne.

Da aka yi shela na yi wanka na ɗaura zane biyu. Kowa na faɗin niyyarsa. Na ce, Allah, wannan ta Abarshi ce ɗan Kalla, mutumin Falanko, ka san shi. Duk abin da aka yi na yi, kewaya da tsayuwa da jifa, ban bar ko ɗaya ba.

Dawowa ta ci mini shekara biyu, ba ni da ƙarfin ba da labarinta. Malaman Tanut sun rabu biyu a kaina, wasu sun ce hajjin ya faɗa kaina ko na so ko na ƙi, wasu sun ce ya isa inda na aika shi. Har yanzu in an haɗu wurin suna sai an tayar. Ba na zama in sun fara.

Ranar da na shiga Falanko ban je gidana ba sai da na tsaya a nasa. Matarsa Hajo na sussuka a tsakar gida. Ta gan ni ni kaɗai, ta ajiye taɓarya ta zauna a ƙasa. Na miƙa mata ɗan tulun zamzam da na ɗauko, na ce, "Mijinki ya yi hajji."

Ta riƙe tulun a cinya. Sannan ta ce, "Kai fa, Illa?"

Na ce, "Rakiya na yi."

Ta share fuska da bakin zane, ta juya wajen ɗaki ta kira 'ya'yanta. "Ku fito ku kawo ruwa. Ga wanda ya raka Alhaji ya dawo."